Binne a Gonar Gabas

Litinin, 13 ga Mayu, 1985, da hantsi

Na buɗe wannan littafi ne domin in adana wa tarihi shaidar mutum ɗaya tilo mai tunani a Gidan Dabo, ƙauyenmu da ke ƙasar Kunci. Ni ne Ishaya Mati, mai digiri a fannin falsafa daga Zariya, wanda ya kammala bautar ƙasa ya tarar an rufe ƙofar ɗaukar ma'aikata, ya komo gidan ubansa da akwatin littattafai da takalmi sau-ciki ƙafa ɗaya. Matsayina a bayyane yake, na kuma shelanta shi tun ina aji biyu a jami'a: babu Allah. Akwai yanayi, akwai tattalin arziki, akwai jahilci. Waɗannan ukun sun ishi mai hankali ya fassara duk abin da ke gudana a nan.

Abin da ke gudana kuwa shi ne, damina biyu a jere ba a kai komai gida ba. Rumbunanmu uku ƙadangaru ke mulki a cikinsu. Samari sun tafi cin rani ba su dawo ba, har da mijin yayata Barira. Gidan daga ni sai ita sai Baba, wanda ƙafafunsa suka kumbura har ba ya iya sa takalmi.

Dukiyarmu gaba ɗaya tulu ɗaya ne na irin gero, an toshe bakinsa da tsumma an kife ƙoƙo, yana ƙuryar ɗakin da aka sauke ni. Barira ta ce in irin nan bai yi ba, sai mu ja ƙyaure mu bi sahun mutane zuwa birni.

Laraba, 15 ga Mayu, da la'asar

Baba ya kira ni gindin tsamiya inda yake wuni a kan tabarma.

"Digiri," ya ce, don haka yake kirana tun da na dawo, "kafin watan nan ya mutu ina so ka yi mini binne a gonar gabas."

Na miƙe tsaye na gabatar masa da jawabi. Na bayyana masa cewa kumburin ƙafa ƙarancin abinci mai gina jiki ne, ba ajali ba, kuma ba zan lamunci maganar kabari daga bakin mutumin da zuciyarsa ke bugawa daidai ba. Ina tsakiyar hujja ta uku sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, har ta zame masa tari.

"Barira! Zo ki ji ikon boko! Na ce a binne gero, Digiri zai binne ni!"

Barira ta fito da muciya a hannu. "Haba Furofesa. Shekara goma sha biyar a makarantar kwana, har sunan shuka ya gudu daga kanka?"

Domin amfanin tarihi: binne shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a rufe, a koma gida a jira. Na ce masa wannan caca ce. In yayyafi ya taɓa irin ya tsira sannan rana ta biyo baya, shi ke nan. In gafiya ta tone, shi ke nan. Mantiƙi ya ce a jira hujja ta sauko daga sama, sannan a yi aiki.

Ya ce, "Ranar da ruwa zai zo, kai da waɗannan hannayen naka na riƙon alƙalami ba za ka shuke gonar nan a kwana biyu ba. Wannan ɗaya." Ya kalli ƙofar ɗakina. "Na biyu, in ya ci gaba da zama a ɗaki, cinye shi za mu yi. Ƙasa ta fi mu riƙon amana."

Na ɗauki wannan a matsayin cin fuska ga ɗan Adam mai wayewa.

Juma'a, 17 ga Mayu, da azahar

Kunun dusa da safe. Busasshen zogale da yamma, in an samu.

Da tsakar rana gonaki suna narkewa. Kawalwalniya tana kwanciya a kansu kamar tafki, itatuwan gawo suna tsaye a ciki har gwiwa, kore shar, su kaɗai, a lokacin da komai ya mutu. Na san dalilin hakan a kimiyyance. Duk da haka na daɗe ina kallo, har na ga kamar kwalekwale ya gifta ta bayan gidan Malam Muntaka.

Ban taɓa tulun ba.

Lahadi, 19 ga Mayu, da hantsi

Baba ya dogara sanda ya ja jiki zuwa majami'a. Shi ke buga ƙarfen kiran sujada tun kafin a haife ni, wani guntun ƙarfen mota da aka rataye a reshen dalbejiya. Kakanninmu Maguzawa ne. Baba ne ya fara bin Yesu a gidanmu, yana saurayi. Yanzu masu amsa kiran nasa tsofaffi tara ne.

Ni na zauna ina nazari. Sai dai ƙarar ƙarfen nan tana da wata ɗabi'a: takan daɗe a iska bayan an daina bugawa, kamar tana neman inda za ta sauka.

Da ya dawo ya turo mini ƙoƙon kununsa. Ya ce cikin tsoho ba ya son nauyi. Na shanye. Jiya ma haka aka yi.

Talata, 21 ga Mayu, da la'asar

Musulmi sun ɗauki azumi. Malam Muntaka, limamin unguwar da ke ƙetaren burtali, ya zo duba Baba. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, har yau kuma ba su daina tsokanar juna ba.

"Mati," in ji shi, "ashe bana duk kun shigo sahunmu. Tun watan jiya nake ganin kuna azumi."

Baba ya ce, "Namu ya fi naku lada, Muntaka. Babu buɗa-baki."

Suka yi ta dariya kamar masu ƙoshi. Sai Malam ya juyo gare ni.

"Kai kuma ɗan Mati, an ce ka ce babu kowa a sama?"

"Haka bincike ya tabbatar, Malam."

"To madalla. In ka sake hawa, don Allah ka duba mana ko akwai hadari."

Na tanadi amsa mai ƙarfi, amma sai bayan ya tafi ta zo mini.

Alhamis, 23 ga Mayu, da azahar

Ban taɓa tulun ba. Ɗanɗanawa ba taɓawa ba ce.

Juma'a, da azahar

Ɗanyen gero yana da wani zaƙi da ba ya fitowa sai a ƙarshen tauna. Wannan bayani ne na ilimi kawai.

Asabar, da azahar

Tafi ɗaya. Wataƙila biyu.

Litinin, 27 ga Mayu, da almuru

Da sassafe Barira ta fito da tulun tsakar gida. Tun daga yadda ta ɗauko shi na ga fuskarta ta sauya. Baba ya zura hannu. Da can geron yakan tarye shi a wuyan hannu, yau sai da ya nutse kusan gwiwar hannu.

Barira ta ce, "Baba, ɓera ne?"

Ya zaro hannun a hankali, ya kakkaɓe ƙwayoyin da suka manne masa cikin tulun, ɗaya bayan ɗaya.

"Ɓeran gida ne," ya ce. "Yunwa yake ji. Ku tafi, rana na yi."

Bai dube ni ba. Da ya dube ni da na sami abin cewa.

Aikin haka yake: mai sungumi yana gaba yana sara rami a kowane taku, mai iri yana biye yana jefa 'yan ƙwayoyi yana rufewa da dunduniya. Ni na fara da sungumi, a matsayina na namiji mai ilimi. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe. Barira ta karɓe, ta miƙo mini ƙwaryar iri. Na tuɓe takalmin sau-ciki na rataye a gawo.

Na ba da shawarar a rage yawan ƙwayoyin kowane rami domin irin ya game gonar. Barira ta ce, "Baba ya ce a cika hannu. Ba a yi wa ƙasa rowa." Ba ta ƙara da cewa wa ya jawo ƙarancin ba.

Sara, jefa, rufe. Sara, jefa, rufe. Can sai na daina jin zafin ƙasa. Na ji kamar muna tafiya a kan wani babban ɗaki, muna zura wa waɗanda ke ciki abinci ta rufin.

Iri ya ƙare saura layi goma sha ɗaya, daga gawo zuwa iyaka. Barira ta riga ta sare ramukan. Suna nan buɗe kamar bakuna.

Laraba, 29 ga Mayu, da la'asar

Na shirya bayani mai sassa huɗu a kan tasirin yunwa ga iradar ɗan Adam, na tafi gindin tsamiya. Ban kai ga sashe na farko ba.

"Ƙafata ce ta kumbura, Digiri, ba kunnena ba. Kullum da azahar ina jin ƙoƙon bakin tulun nan yana motsi."

"Me ya hana ka tsawata mini?"

"Roƙon Yesu na yi ta yi ya sa kunun da nake turo maka ya ishe ka. Bai isa ba. Laifin kunun ne, ruwa ya yi masa yawa."

Na ce masa wannan ba daidai ba ne. Laifi ba tare da hukunci ba rushewar tsarin adalci ne. Na ce ya zage ni, ko ya kore ni, ko aƙalla ya faɗa wa Barira da bakinsa. Ina jin muryata tana tashi kamar ta mai neman haƙƙinsa.

Ya ce, "Ni an yafe mini abin da ya fi tafin gero, ba a ko tambaye ni dalili ba. In na tsaya ƙirga naka ai na yi rashin kunya. Je ka rubuta a littafinka, na ga ba ya gajiya da kai."

Ga shi na rubuta. Ban sami babin da zan sa shi ba.

Asabar, 1 ga Yuni, da hantsi

Jiya da yamma an yi yayyafi, wanda bai ko kwantar da ƙura ba. Shi ne abin da na yi gargaɗi a kansa. Ban ji daɗin cin gardamar ba.

Yau na tafi gona na tone rami ɗaya da yatsa. Ƙwayoyin suna nan a bushe, ba su motsa ba. Na tone na biyu. Ina kan na uku na ji murya daga burtali.

"Kai ɗan Mati! Ana binnewa kana tonewa? Digirin gafiya suka ba ka?"

Na ce, "Tabbatarwa nake yi, Malam."

"Duk wanda ka tabbatar ai ka kashe shi. Rufe ka tafi gida, ubanka na nemanka."

Talata, 4 ga Yuni, da la'asar

Yau ba ni da abin rubutawa.

Laraba, 5 ga Yuni, da azahar

Mun binne Baba da safe, a gefen gonar gabas, kusa da gawo.

Malam Muntaka, da azumi a bakinsa, shi ya karɓi magirbi daga hannuna ya ƙarasa haƙan. Da mai bishara ya iso a kan kekensa aka fara addu'a, Malam ya koma inuwa ya tsaya, bai tafi ba har aka gama. Mai bishara ya yi magana a kan tashi. Kowa ya ce amin. Ni ban ce ba.

Da aka mayar da ƙasa sai na ga dunduniyata tana dannawa da kanta, yadda ta koya makon jiya.

Ashe duka biyun yake nufi.

Juma'a, 7 ga Yuni, da safe

Na yi mafarki ina gabatar da ƙasida a babban zauren jami'a. Kujeru cike da gero, zangarniya a kan kowace kujera, suna gyaɗa kai cikin ladabi. A can baya Baba yana zaune da ƙoƙo a cinyarsa. Duk lokacin da na kawo hujja sai ya turo ƙoƙon gaba kaɗan.

Barira har yanzu tana dama kunu na mutum uku. In ta lura sai ta juye nasa a nawa. Na kasa sha, na kuma kasa bari.

Lahadi, 9 ga Yuni, da azahar

Hantsi ya yi, ƙarfe bai yi ƙara ba. Na leƙa na ga tsofaffin nan a ƙofar gidajensu, sanye da kayan Lahadi, suna jira. Babu wanda ya taɓa buga shi in ba Baba ba, kuma babu wanda ya yarda ya zama na farko.

Domin kiyaye tsarin zamantakewa kawai, na je na buga. Ƙarar ta bi ta hannuna ta shige ƙirjina, ta daɗe a can.

Na zauna a bakin ƙofar majami'a daga waje. Waƙarsu ba ta da tsari ko kaɗan, kowa da inda ya nufa. Sun yi addu'a domin ruwa, domin waɗanda suka tafi cin rani, domin Malam Muntaka da mutanensa Allah ya ba su ƙarfin azumi. Wata tsohuwa ta ƙara da, "Da Digiri." Ba ta faɗi abin da za a yi mini ba.

Saƙon mijin Barira ya iso: in an yi Salla ba ruwa, mu taho. Ta fara ɗaure kwanuka a zane.

Laraba, 12 ga Yuni, da la'asar

Zuwa ga Wanda ba na zaton yana nan.

Bayan gaisuwa, ina mai gabatar da ƙorafi a kan lamarin wani bawanka, Mati, wanda ya yi maka hidimar buga ƙarfe shekara arba'in, ya kuma mutu da ƙoƙonsa a gaban wani. Ina neman bayani a kan

A'a.

Ni na ci. Ni na sha kunun. Ka sani.

Juma'a, 14 ga Yuni, da hantsi

Na je gona. Ban tone ba.

Na zauna tsakanin kabarin da layukan, duk ƙasa ɗaya, launi ɗaya, ba mai cewa akwai wani abu a ciki. Shekara huɗu aka yi ana koya mini kada in saki abin da ke hannuna sai na ga hujja. Na riƙe, na riƙe, har na cinye. Baba ya saki nasa tun sama tana fara fat.

Tun ina yaro yake ba ni labarin Yesu: yadda ya ba da kansa domin waɗanda suka ci amanarsa, aka sa shi a ƙasa aka rufe, mutanensa suka koma gida ba su da komai sai jira. Na ɗauke shi tatsuniyar talakawa. Ban san wata rana za a turo mini labarin a ƙoƙo in shanye ba.

Kawalwalniya ta sake cika gonar. Wannan karon ban yi mata bayani ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, da azahar

Na buga ƙarfe, na shiga ciki, na zauna inda Baba yake zama. Da aka gama addu'a na ce amin. Ta fito da ƙarfi fiye da yadda na nufa, har tsohuwar nan ta waiwayo. Bayan an tashi na gaya wa mai bishara ina so in bi Yesu, kuma ban shirya jawabi ba. Ya ce hakan ya fi.

A hanyar gida Barira ta ɗaga kai ta dubi sama, fara ƙal, ko ɗigon girgije babu.

"Furofesa, hadari ka hango?"

"Ban hango ba, Yaya."

"To me ya faru?"

"Binne na yi."

Ta yi tafiya kaɗan. Sannan ta ja gefen mayafinta ta share fuska, ta ce rana ce ta shigar mata ido.

Litinin, 17 ga Yuni, da la'asar

Babu komai. Kayan Barira suna ɗaure a bakin ƙofa. Amin ɗin tana nan, ban tone ta ba.

Talata, 18 ga Yuni, da almuru

Daga gabas ya taso, bayan azahar, baƙi ƙirin. Iska ta fara zuwa da ƙamshin ƙasar wasu. Sannan ya sauka.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsakar gida ba. Barira tana tara kwanukan da ta kwance daga zane a ƙarƙashin indararo tana kuka tana dariya. Da ya tsagaita na ji Malam Muntaka yana ƙwala kira daga burtali, jiƙe sharkaf: "Ɗan Mati! Ashe ka hau ka duba mana!"

Na zura hannu a ƙasa. Danshi ya wuce tsawon tafina.

Na lura ba ruwan ne ya sa na gaskata ba, kuma na yi murna da ya makara da kwana biyu.

Asabar, 22 ga Yuni, da sassafe

Sun fito. Sirara kamar allurai, cunkus a kowane rami, layi bayan layi har gindin gawo.

Daga gawo zuwa iyaka, layi goma sha ɗaya, ƙasa ce tsirara. Ko daga burtali ana ganinta. Na tsaya ina kallon girman abin da na ci.

Barira ta ce, "Bar kallonsu haka. Ka ba su sati biyu."

Ban gane ba, kuma ban yi kamar na gane ba.

Litinin, 8 ga Yuli, da hantsi

An sake ruwa jiya. Da sassafe Barira ta tashe ni muka tafi rage gero, domin kowane rami ya yi yawa, in an bar su haka za su shaƙe juna. Na tara waɗanda muka cire zan zubar a iyaka.

"Ina za ka kai su? Kawo nan."

Ta wuce gaba zuwa layukan da babu komai, ta huda ƙasa da tsinken itace, ta sa tushe ɗaya, ta dube ni. Dashe. Abin da ya yi yawa a ramukan Baba, shi za a kai inda na bari a buɗe.

"Shi ya sa ya ce a cika hannu?" na tambaye ta.

"Ni dai haka ya ce mini tun ranar da ya zura hannu a tulu: ki cika, za a buƙata a wajen gawo."

Mun dasa har iyaka. Ya isa, har da ragowar da na kai wa Malam Muntaka. Layi na ƙarshe ya biyo ta gefen Baba. Na sa tushen, na mayar da ƙasa, na danna da dunduniya.